Kwalin littattafai da makullin sito

Duk sanda aka kusa komawa makaranta, ko in 8 ga Satumba ta zagayo wato ranar yaƙi da jahilci ta duniya, sai ka ga hotuna sun cika Facebook. Wata ƙungiya ta je wata firamare a Ajegunle ko Makoko ko nan Agege, an jera yara cikin yunifom kowa an danƙa mai littafi ya ɗaga sama, ga bana a baya, ga kwalaye jibge a gaba, a ƙasa kuma jama'a na ta zuba Allah ya saka da alheri. Ni ma amin nake cewa, ba na cikin masu ganin alheri su ce lallai da wata a ƙasa. Amma gaskiya ra'ayina shi ne yawancin wannan kyautar ba ta koya wa yaro ko ɗaya karatu, kuma ba rowa ce ta jawo ba, rashin tambaya ne. Ba a tambayar wane irin littafi ne yaran nan za su iya karantawa, ba a tambayar da wane yare, uwa uba ba a tambayar wa zai zauna da yaro ya buɗe mai shi bayan an watse.

Matsalar kam babba ce, babu mai musu. A 2022 UNESCO ta ƙiyasta yaran Najeriya da ba sa zuwa makaranta sun kai wajen miliyan 20, UNICEF kuma ta sha faɗin cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yaranmu suna kai shekara 10 ba su iya karanta jimla mai sauƙi ba. Wannan na biyun shi ya fi ci min rai, dan ba almajirai ake nufi kaɗai ba, har da yaron da uwarsa ke wanke mai yunifom kullum, ta zuba mai abinci a kula, uban na biyan kuɗin lesin, amma ka miƙa mai takardar maganin da aka rubuta a kemis ya tsaya yana kallonka.

Akwai wata firamare a ɓangarenmu, ba sai na kama suna ba, yaran maƙwabta da yawa can suke zuwa. Mun shiga da wasu iyaye kan maganar rufin aji da ke yoyo, sai na ga an rubuta laburare a jikin wata ƙofa, na ce madam ko za mu leƙa. Aka aika a nemo makulli, ashe yana wajen wata malama da ta fita, muka jira. Da aka buɗe abin da ya fara tarbar mu warin danshi ne, irin na ɗakin da ya sha damina a rufe, kun dai san ruwan Legas. Kwalaye ne jere a ƙasa wasu ko salatif ɗin ba a ɓare ba, na ƙasan gara ta cinye gindinsu, in ka ɗaga sai ƙasa ta zubo. Na buɗe ɗaya na sama. Littafin yadda ake cike takardar haraji a Amurka, littafin koyon Windows 98, wani kan yadda ake kula da lambu lokacin dusar ƙanƙara, sai wasu tika-tikan labaran Turawa masu ƙananan rubutu waɗanda ni kaina da gemuna sai na sa tabarau. A gefe kuma ga wata kabad ta gilashi, ciki akwai 'yan littattafan yara masu hotuna, masu kyau wallahi, sababbi fil, an datse su da kwaɗo. Na ce madam waɗannan fa ai su ne na yara. Ta ce oga in suka yage ko suka ɓata ni za a tambaya, an ƙirga su aka ba ni, ranar da aka zo dubawa a ƙirge ake son a same su.

Kuma ban ga laifinta ba. Matar nan ba muguwa ba ce, tsarin ne ya koya mata cewa littafin da ke cikin kabad ba ya jawo takardar tuhuma, wanda ke hannun yaro shi ke jawowa. Ba kuma a Legas kaɗai ba ne. A Saliyo masu bincike na Bankin Duniya sun bi sawun littattafan da gwamnati ta raba wa firamare, suka tarar da yawa daga cikin shugabannin makarantun ajiye su suka yi ba su ba yara ba, saboda ba su da tabbacin yaushe za a sake kawo wasu, dan haka sakamakon yaran bai motsa ba. A Kenya kuma Michael Kremer, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel a 2019, shi da abokan aikinsa sun gwada raba littattafan karatu a makarantun karkara, abin da suka gano shi ne yaran da dama can su ne zakarun aji su kaɗai suka ƙaru, sauran babu abin da ya canja, domin littattafan da Turanci suke, Turancin kuma ga yawancinsu yare na uku ne. To in wannan ya faru da littafin da aka rubuta musamman dan manhajar ƙasar, ina ga kwalin da wani ya share garejinsa a Landan ko Hoston ya turo?

Za a ce ai da babu gara ba daɗi. A abinci na yarda. A littafi ban yarda ba, dan littafin da ya fi ƙarfin yaro ba zama yake shiru ba, koya mai yake cewa karatu ba nasa ba ne. Kamar ka miƙa wa jaririn da bai yi haƙori ba kilishi ne, ka koma kana cewa yaran yanzu ba sa son nama. Yaro ya buɗe shafi ya ga baƙaƙe cunkus babu kalma biyar da ya sani, ya rufe, gobe ko an buɗe ɗakin ba zai shiga ba. Sannan kwalayen sun cinye ɗaki guda a makarantar da yara ke zama a taga, sannan an rubuta a rahoto cewa makarantar nan tana da laburare, ke nan an cire ta daga jerin masu buƙata.

Yanzu mu zo kan namu yaran, 'ya'yan Hausawan Legas, dan su ne suka sa ni wannan rubutun. Yaron da aka haifa a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, a gida Hausa ake mai, yana fita layi Yarbanci da buroka, a boko Turanci, da yamma a Islamiyya Larabci. Bakinsa na juya yare huɗu kafin ya kai shekara 8, wannan ba daƙiƙi ba ne ko kusa. Amma a cikin huɗun nan wanda ya fi rauni a kai shi ne Turancin littafi, kuma da shi ake son ya fara gane yadda baƙi ke zama magana. Ɗan maƙwabcina yana aji 4, uban ya kira shi ya zo ya yi min karatu in ji, cike da alfahari. Yaro ya buɗe littafin makaranta ya kama zubo Turanci tiryan-tiryan har da waƙe murya, yatsa na bin layi. Sai na lura yatsan ya riga ya kai ƙarshen shafi bakin yana tsakiya. Na ɗauko kwalin ashana na nuna mai kalma ɗaya a jiki, irin wadda ya gama faɗa yanzun nan a littafin, shiru. Hadda ce ya yi, yadda yake haddace sura, malama ta faɗa aji ya amsa har ya zauna. Uban bai ji daɗina ba ranar, amma dai gara ya sani yanzu da ya sani a JSS 3.

Wannan magana ta fara karatu da yaren uwa ba sabuwa ba ce kuma ba 'yan Arewa suka ƙirƙiro ta ba. Farfesa Babs Fafunwa, ɗan Isale Eko ne ma, shi ya jagoranci gwajin nan na Ife da aka fara a 1970, inda aka koyar da yara firamare gaba ɗaya da Yarbanci ana koya musu Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. Gwamnatin tarayya ta amince da tsarin koyarwa da yaren uwa a firamare a ƙarshen 2022, a ƙarshen 2025 kuma ministan ilimi ya ce an soke an koma Turanci zalla, haka dai muke, yau gaba gobe baya. Jihar Legas tana da dokarta ta kare Yarbanci tun 2018, kuma wallahi ban ga laifinsu ba, garinsu ne yarensu ne. Ni ba na cewa malamar firamaren gwamnati a Agege ta koma koyarwa da Hausa, ajin da ke da Bayarabe da Ibo da Bahaushe da ɗan Kwatano ba zai yiwu ba. Abin da nake cewa wannan gurbin namu ne mu cike, kuma muna da inda za mu cike shi.

Rubutun Hausa na boko yana da wani sauƙi da Turanci ba shi da shi, abin da ka rubuta kusan shi za ka furta, ba, be, bi, bo, bu, ka haɗa ka samu kalma. Yaron da ya gane wannan dabarar da yaren da yake mafarki da shi, in ya koma kan Turanci ba daga sifili zai fara ba, ya riga ya san cewa baƙaƙe sauti suke ɗauke da shi ba zane ba ne da ake haddacewa. Shirin Mu Karanta da aka yi a Bauchi da Sakkwato da tallafin Amurka a kan wannan aka gina shi, Hausa tukuna sannan Turanci. Yaranmu ma suna da wata riba, a allo sun riga sun saba haɗa baƙi da wasali.

Masu cewa Bahaushe ba ya son karatu kuwa ina ganin ba su taɓa leƙa wayar matan gidansu ba. Shiga kowane gida a Zangon Agege, za ka samu mace na cikin guruf ɗin WhatsApp na littafin Hausa, ana sako shafi-shafi, wasu har kuɗi suke turawa a sa su a na biya, tana girki tana karantawa har tuwo ya kama. Kafin waya akwai shagunan hayar littafi, tun zamanin da rubutun kasuwar Kano ya tashi a shekarun 1980, littafi ɗaya ya zaga gida goma har bangon ya fita a ɗinke shi da zare. Babu wata ƙungiya da ta zo daga waje ta koya musu son karatu, an dai ba su abin da suke ganewa kuma yake musu daɗi a farashin da za su iya. Haka ma tun farko aka yi, gasar rubutun da Rupert East ya shirya a 1933 wadda ta fito da su Abubakar Imam, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da 'yan ƙananan littattafan da hukumar NORLA ta dinga bugawa a Zariya lokacin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, duk dabara ɗaya ce, ƙarami, mai araha, da yaren mutane. Inda muka bar rami shi ne yara. Muna da na soyayya dan manya, muna da na addini, amma je ka wajen masu sayar da littafi a bakin masallacin Juma'a ka ce a ba ka littafin labari mai hoto na ɗan shekara 6 da Hausa, ka ga yadda za a dube ka.

To in mutum na da niyyar alheri, ni shawarata kada ya fara da neman kwantena. Kuɗin da za a kashe a ɗauko tsofaffin littattafai daga waje, a biya jirgi, a yi fama da fito da su daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, a biya mota, da shi aka nufi Shomolu inda injinan buga takardu ke aiki dare da rana, da an bugo 'yan littattafai masu shafi 12 ko 16 da yawan gaske. Na san takarda ta yi tsada, masana'antun takardarmu na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe ba sa wadatar da ƙasar, kusan komai shigo da shi ake, tun da aka saki naira a 2023 kuma farashi ya haukace. Duk da haka ɗan siririn littafi baƙi da fari da hoto a kowane shafi ba zai gagara ba. Ba ma sai an nemi marubuci daga farko ba, akwai shafuka irin African Storybook da StoryWeaver da ke da labaran yara kyauta har da na Hausa, an yarda ka sauke ka buga, ka ma fassara wasu. A haɗa da na Turanci mai sauƙi sosai, layi ɗaya ko biyu a shafi, da na Yarbanci, tunda yaran nan a Legas za su rayu.

Kar a ce na kushe na waje gaba ɗaya. Book Aid International ta Ingila, wadda ta faro tun 1954, sababbin littattafai take turawa waɗanda kamfanonin ɗab'i ke ba ta, kuma da shawarar masu karɓa ake zaɓa, wannan daban ne da sharar gareji. Ɗalibin likitanci ko injiniya a jami'a kuma littafin waje na iya zame mai babbar garaɓasa. Magana ta a kan ɗan firamare ce wanda bai tsaya da ƙafarsa ba tukuna.

Sai kuma abin da ya fi littafin muhimmanci wanda babu mai son biya, wato mutum. A kowace unguwa akwai yarinya ko saurayi da ya gama sakandare yana zaune yana jiran JAMB, ya iya karatu, yara na sonsa. A ba shi ɗan alawus duk wata, a ba shi akwatin ƙarfe ɗaya da littattafai da rijista, aikinsa ya zauna da yara ya karanta musu da babbar murya, su ma su karanta mai ɗaya bayan ɗaya, ya ba su aro su tafi gida da shi. Kuma tun ranar farko a gaya mai a gaban kowa cewa in littafi ya yage ko ya ɓata ba za a cire a kuɗinsa ba, a sa asarar a lissafi tun farko yadda mai tumatir a Mile 12 ya san ba duka kwandon zai kai gobe ba. In ba a faɗi wannan ba, wallahi wata biyu za a yi shi ma ya nemo kwaɗo. Matsalar ita ce alawus ba ya hoto, ba a manna mai suna, kuma wata-wata ne ba a gama shi rana ɗaya, shi ya sa masu bayarwa ke gudunsa.

A nan zan ɗan taɓa manyanmu, da girmamawa. Alhamdu lillahi Hausawan Legas ba matsiyata ba ne duka, akwai masu shanu a Oko-Oba, akwai dilolin Mile 12, akwai 'yan canji, akwai masu tireloli. In aka ce masallaci na son tayil ko janareto, kafin a sallame la'asar an haɗa. Umara duk azumi ba fashi. Allah ya karɓa. Amma ka ce a haɗa kuɗin littattafan yara sai a ce ai wannan aikin gwamnati ne ko na Turawa. Alhali hadisin da muke ji kullum kan abin da ke bin mutum bayan mutuwa, ilimin da ake amfana da shi na cikin ukun, kuma a lura da sharaɗin, wanda ake amfana da shi, ba wanda gara ke ci ba. A cikin Baƙara kuma an hana mu nufin mummunan abu mu bayar, wanda mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Duk mai tattaro tsohon littafin da ɗansa ba zai taɓa ba ya kai wa 'ya'yan talakawa, ya ɗan tsaya kan wannan ayar.

Gwamnati kuwa kar ta ji daɗi ta ce an sauke mata. Dokar UBE tun 2004 ta ce ilimin farko kyauta ne kuma dole, littafi na cikin abin da ya kamata ta samar. Jakande, gwamnan Legas daga 1979 zuwa 1983, bai jira 'yan agaji ba, ajujuwa ya zuba ko ina har aka daina karatun safe da na yamma, ana ta zagin ginin wai ba kyau amma mutane nawa ne suka yi karatu a ciki. Mu kuma ƙasar da aka ba da kwangilar hedikwatar laburaren ƙasa a Abuja tun 2006 aka yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, ai ba sai an gaya maka matsayin littafi a wajen masu mulki ba. Akwai laburare a Yaba, har an gyara na Herbert Macaulay ya yi kyau, amma wace uwa ce a Agege za ta ba ɗan shekara 7 kuɗin danfo zuwa Yaba da dawowa a wannan tsadar man, dan ya je ya karanta labarin gizo?

Shi ya sa nake ganin wurin akwatin nan Islamiyya ne. Can ne yaranmu suke taruwa ba tare da an roƙi kowa ba, har waɗanda ba sa zuwa boko, har 'yan matan da ake cirewa da wuri, kuma iyaye sun yarda da wurin. Na san wasu malaman za su ɗaga gira, su ce an zo a cusa boko a lokacin Alƙur'ani, kuma suna da hujjar tsoro in aka duba irin abin da ke cikin wasu kwalayen. To a bi ta hannun kwamitin masallaci da fadar Sarkin Hausawa, malam ya duba kowane littafi da idonsa kafin ya shiga akwati, a fara da ƙissoshin annabawa da sahabbai da Hausar boko mai sauƙi, a bi da tatsuniya da labarin dabbobi da na kasuwa da jirgin ƙasa. Ba a taɓa lokacin hadda ba, minti 20 ake nema bayan an tashi ranar Asabar da Lahadi, lokacin da dama yaran ke tsaye a ƙofa suna jiran a zo ɗaukarsu.